Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Kafa Kyamarar Tsaro Marar Igiya

Dangoma gari ne a Ƙaramar Hukumar Kalgo, cikin Masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi. Ba shi da nisa da Birnin Kebbi. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya. Dukiyarsu ba a banki take ba. Tana cikin rumbu, da sito, da garke, da shago, da injin ban ruwa a bakin fadama.

Idan kaka ta yi, buhunan shinkafa da gero sukan cika sito. A lokacin ne ɓarawo yake buɗe ido. Mutum ya yi wata biyar yana wahala, a dare ɗaya a kwashe masa rabi. Asarar ba ta tsaya nan ba. Da gari ya waye sai zargi ya tashi. Wannan ya ce yaron wane ne. Wancan ya ce baƙi ne. Manomi ya zargi makiyayi, makiyayi ya zargi manomi. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Sau da yawa zumuncin da zargi ya ɓata ya fi buhun da aka sace tsada.

Darasin wannan wata yana bayani ne a kan wata na'ura da take taimakawa wajen rage sata da rage zargi. Ita ce kyamarar tsaro marar igiya. Za a ga yadda ake zaɓen ta, da yadda ake kafa ta, da yadda ake kula da ita.

MECE CE KYAMARAR TSARO?

Kyamarar tsaro ƙaramar na'ura ce mai ɗaukar hoto mai motsi. Ana maƙala ta a bango ko a kan turke. Tana kallon wuri ɗaya dare da rana. Ba ta barci, ba ta gyangyaɗi. Abin da ta gani tana ajiye shi a cikin wani ɗan kati da bai kai farcen babban yatsa ba. Kuma tana iya aika hoton zuwa wayar mai ita, ko da yana kasuwar Jega ko yana Sakkwato.

Ana kiran ta marar igiya domin ba a jan igiyar waya daga jikinta zuwa talabijin. Ta iska take aika hoto, kamar yadda wayar hannu take aika magana.

ƊAN TARIHI

Kyamarorin da, sai da igiya suke aiki, kuma sai bankuna da manyan ofisoshi suke iya sayensu. A shekarar 1996 wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Axis ya fitar da kyamara ta farko mai aika hoto ta hanyar sadarwar kwamfuta. A shekarar 2001 wayar salula ta fara aiki a Nijeriya. Daga baya layin 4G mai sauri ya zo, farantin sola kuma ya yi arha. Waɗannan abubuwa uku su ne suka sa kyamara ta iya isa ƙauyen da babu wutar lantarki.

IRI BIYU NE

Iri na farko shi ne mai aiki da waifai. Waifai hanya ce ta raba intanet a cikin gida ta wani ɗan akwati da ake kira rauta. Wannan kyamara ba ta da layin kanta. Dole ta kasance kusa da akwatin. Katanga mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin waifai. Yawancin irin wannan kyamara kuma tana son wuta kullum. Ta dace da shago ko ofis a cikin gari.

Iri na biyu shi ne mai cin sim. Ana sa mata sim kamar waya. Tana zuwa da batir a cikinta da ƙaramin farantin sola. Ba ta bukatar rauta, ba ta bukatar wutar gwamnati. Ita ce ta fi dacewa da rumbu, da garke, da gona, a gari irin Dangoma.

ABIN LURA KAFIN A SAYA

Na ɗaya, a gwada layi. Mutum ya ɗauki wayarsa ya je daidai wurin da zai kafa kyamara. Ya duba saman fuskar waya. Idan ya ga an rubuta 4G ko LTE, wurin ya yi. Idan E ya gani, layin ba zai ɗauki hoto mai motsi ba. A gwada MTN, da Airtel, da Glo, a ga wanda ya fi ƙarfi a wurin. A gwada da rana, a sake gwadawa da dare.

Na biyu, a duba kwali. A nemi alamar IP65 ko IP66. Wannan alama tana nufin ƙura ba ta shiga kyamarar, kuma ruwan sama ba ya ɓata ta.

Na uku, a tambaya ko tana gani da dare. Yawancinsu suna da ƙananan fitilu masu wani haske da idon mutum ba ya gani. Da shi suke ɗaukar hoto fari da baƙi a cikin duhu.

Na huɗu, kada a biya kuɗi sai mai shago ya kunna ta da sim ɗin mai saye, hoto ya fito a wayar mai saye. Akwai kyamarorin da aka yi domin wasu ƙasashe, ba sa karɓar layin Nijeriya. A karɓi rasit. Gani ya kori ji.

Na biyar, a sayi katin ajiya mai kyau. Katin jabu ya yi yawa a kasuwa. A jikinsa an rubuta giga 64, amma a ciki bai kai haka ba. Kati mai arha ƙwarai abin tuhuma ne.

Sim ɗin da za a sa mata dole ya zama mai rajista. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarni a haɗa kowane sim da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Kada a sayi sim da aka yi wa rajista da sunan wani.

HAƊA KYAMARA DA WAYA

Wannan aiki a ƙasa ake yin sa, a zaune a kan tabarma, kafin a hau tsani. Ana bukatar babbar waya mai shiga intanet. Wanda bai saba ba ya nemi ɗansa ko malamin ajinsa ya zauna kusa da shi. Amma shi da kansa ya riƙe wayar, domin ya koya.

Mataki na 1. A yi cajin batirin kyamara har ya cika kafin a fara.

Mataki na 2. A sa wa sim ɗin data. A gwada shi a cikin waya, a tabbata yana shiga intanet.

Mataki na 3. Kyamara tana kashe, a buɗe murfin roba da ke ƙarƙashinta. Akwai ramuka biyu, ɗaya na sim, ɗaya na katin ajiya. A sa kowanne a wurinsa a hankali. Idan ya ƙi shiga, a juya shi. Kada a tura da ƙarfi.

Mataki na 4. A sauke manhajar kyamarar a waya. Sunan manhajar yana jikin kwali ko a cikin ɗan littafin da ya zo da ita. Kowane kamfani da tasa.

Mataki na 5. A buɗe manhajar, a yi rajista da lambar waya ko adireshin imel na mai kyamara. Kada a bari mai shago ya yi rajistar da nasa. Wanda ya yi rajista shi ne mai iko da kyamara.

Mataki na 6. A kunna kyamara, a jira minti ɗaya ko biyu. Wata ƙaramar fitila za ta kama. Littafin yana faɗin launin da ke nuna ta sami layi.

Mataki na 7. A cikin manhaja a taɓa alamar tarawa, wato +. Waya za ta nemi a nuna mata wani tambari mai kusurwa huɗu, mai ɗige-ɗige baƙi da fari, wanda ke jikin kyamara. A saita idon waya a kansa. Bayan ɗan lokaci hoto zai fito.

Idan mai waifai ce, manhaja za ta tambayi sunan waifai ɗin gidan da lambar sirrinsa. A lura, waifai iri biyu ne, mai lamba 2.4 da mai lamba 5. Yawancin ƙananan kyamarori da mai 2.4 kaɗai suke aiki. Wannan shi ne yakan hana su haɗuwa.

Idan abin ya rikice, akwai wani ɗan maɓalli kusa da ramin sim. A danne shi kamar daƙiƙa 5 zuwa 10. Kyamara za ta koma yadda ta fito daga kamfani, sai a sake farawa.

LAMBAR SIRRI

Lambar sirri ita ce kwaɗon kyamara. Wasu kyamarori suna zuwa da lamba mai sauƙi irin 12345, kuma duk kyamarorin kamfanin ita suke da ita. Barin wannan lamba daidai yake da rufe sito a bar mabuɗi a jikin kwaɗo.

A shekarar 2016 wasu masu kutse sun shiga dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu kyamarori ne, ta hanyar gwada irin waɗannan lambobi. Suka yi amfani da su suka toshe manyan shafukan intanet a Amurka. Masu kyamarorin ba su ma sani ba.

Saboda haka a canza lambar tun ranar farko. A haɗa haruffa da lambobi, su kai 8 ko fiye. Kada a sa sunan ɗa, ko shekarar haihuwa, ko lambar waya. A rubuta ta a takarda, a ɓoye a cikin akwati. Idan ana so wani ya riƙa gani, manhaja tana da wurin ba shi izini a wayarsa ba tare da an faɗa masa lambar ba.

ZAƁEN WURI DA KAFAWA

Kyamara ba ta ganin ko'ina. A tambayi kai: ta ina ɓarawo zai bi? Ƙofar sito, ko ƙofar garke, ko hanyar da ake fita da kaya, nan za ta kalla.

A ɗaga ta kamar mita 3 daga ƙasa, wato kusan tsayin mutum biyu. Idan ta yi ƙasa, hannu zai kai gare ta. Idan ta yi sama da yawa, saman hula za ta riƙa ɗauka, ba fuska ba. Kada tazararta da ƙofa ta wuce taku 8 zuwa 10, domin daga nesa ba a gane fuska, balle da dare.

Kada ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye. Rana za ta haske idonta da safe ko da la'asar, hoto ya yi fari fat.

Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa sosai. Ya fi kyau a kafa turken ƙarfe da siminti, ko a ɗaura ta a jikin azara mai ƙarfi. Mutum ɗaya ya hau tsani, ɗaya ya riƙe tsani, na uku ya tsaya a ƙasa da waya yana duba hoto yana cewa a karkata dama ko hagu. Sai hoto ya daidaita sannan a ɗaure noti.

Farantin sola ya fuskanci kudu, ya ɗan kishingiɗa kaɗan domin ruwa ya riƙa gangarewa. Wanda ya fuskanci gabas, kudu tana hannun damansa. Kada inuwar bishiya ko ta rufi ta faɗa a kan farantin. A ƙarshe a mayar da murfin roba, a toshe shi sosai saboda ruwa da tururuwa.

SAITI GUDA UKU

Na farko, lokaci. Yawancin kyamarori a ƙasar Sin ake ƙera su, kuma agogon Sin yana gaba da na Nijeriya da awa 7. A shiga saiti a gyara kwanan wata da lokaci. Hoton da lokacinsa ba daidai ba ne yana da rauni wajen shaida.

Na biyu, jin motsi. Kyamarar sola ba ta ɗauka koyaushe. Tana kwance ne har sai ta ji ɗumin jikin abin da ya gifta, sai ta farka ta ɗauka, ta aika saƙo zuwa waya. A sa ƙarfin jin motsin a tsakiya. Idan ya yi yawa, kowace akuya da kowane kare za su tashi mai gida da dare, batir kuma ya ƙare. A tsananin zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, iska takan yi zafi kusan kamar jikin mutum, sai jin kyamara ya ragu. A lokacin sai a ƙara shi.

Na uku, ajiya. A zaɓi ta riƙa ajiyewa a kati. Idan kyamara tana ɗauka ba tsayawa, katin giga 64 yakan cika cikin kwana 3 zuwa 6. Idan sai ta ji motsi take ɗauka, yakan yi makonni. Idan kati ya cika, tana goge tsohon hoto ta ɗora sabo. Saboda haka idan wani abu ya faru, a sauke hoton a waya tun a ranar.

Kallon kyamara kai tsaye shi ne mai cin data. Awa ɗaya tana iya cin rabin giga ko fiye. A duba na minti ɗaya ko biyu, a rufe.

KULAWA

A shekarar 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 domin kafa hanyar sadarwa ta tsaro, har da kyamarori a titunan Abuja da Legas. Bayan 'yan shekaru yawancinsu ba sa aiki. An sace farantan sola da batura na wasu, wasu kuma sun lalace a tsaye. Darasin da ke nan shi ne, saye ba shi ne wuya ba, kulawa ita ce aiki.

Lokacin hunturu ƙura takan rufe faranti, batir ya daina cika. A goge faranti da idon kyamara da tsumma mai laushi sau ɗaya a mako. A share yanar gizo-gizo, domin da dare takan haske hoto. Bayan iska mai ƙarfi ta farkon damina, a duba ko kyamara ta karkace. A rubuta ranar da data za ta ƙare a jikin kalanda. Sim ɗin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana iya rufe shi.

HAƘƘIN MAƘWABTA

Kyamara ta kalli dukiyar mai ita kawai. Kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, ko makewayi, ko wurin da mata suke zama. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. A watan Yuni na 2023 kuma an sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta shafi yadda ake tara bayanan mutane da yadda ake amfani da su.

Kafin a kafa kyamara a wurin da jama'a suke wucewa, a sanar da mai unguwa da maƙwabta. A nuna musu hoton a waya, su ga iyakar abin da take gani. Yana da kyau a rubuta allo: AKWAI KYAMARA A NAN. Wannan allo kaɗai yana iya sa ɓarawo ya canza shawara. Rigakafi ya fi magani.

IDAN TA ƊAUKI ƁARAWO

A nan ne ake bukatar sanyin zuciya. Hoton dare yana iya ruɗi. Mutane suna kama da juna, riga tana kama da riga. Kada a watsa hoton a WhatsApp ko Facebook. Kada a tara matasa a tafi gidan wanda ake tuhuma. Ɗaukar doka a hannu laifi ne, kuma ran da aka ɗauka bisa kuskure ba ya dawowa.

A sauke hoton, a cire kati a adana shi. A kai wa mai unguwa ko dagaci, daga nan a kai wa 'yan sanda. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi shaidar da na'ura ta ɗauka, idan an cika sharuɗɗa. Shi ya sa ba a yanke hoton, ba a yi masa gyara.

A kuma sani, kyamara shaida ce, ba mai gadi ba ce. Ba ta riƙe hannun ɓarawo, ba ta tare mai makami. Idan ta nuna mutane da makamai, kada kowa ya fita. A kira jami'an tsaro ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Kwaɗo mai kyau, da shinge, da haɗin kan unguwa, suna nan a matsayinsu.

HAƊA ƘARFI

Ba kowa ne zai iya sayen kyamara shi kaɗai ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar manoma ko ta mata masu sito ɗaya suna iya yin karo-karo. Su zaɓi amintattu biyu masu duba hoto, da ɗaya mai riƙe kuɗin data. Su rubuta komai a littafi.

SABABBIN KALMOMI

Manhaja: shirin da ake sa wa waya domin ta yi wani aiki.
Waifai: hanyar raba intanet ta iska a cikin gida.
Giga: ma'aunin data da na girman katin ajiya.
Kutse: shiga na'urar wani ba da izininsa ba.
Saiti: wurin da ake daidaita aikin na'ura.

TAMBAYOYI

1. Wace irin kyamara ce ta dace da wurin da babu wutar lantarki?
2. Me ya sa ake canza lambar sirri tun ranar farko?
3. Wace kusurwa farantin sola yake fuskanta?
4. Idan agogon Sin ya nuna ƙarfe 9 na safe, ƙarfe nawa ne a Dangoma?
5. A ce mutum 12 sun haɗu za su sayi kaya na Naira 96,000. Nawa kowa zai biya?
6. Wane ne ake fara kai wa hoto idan kyamara ta ɗauki ɓarawo?

A rubuta amsoshin a littafin aiki, a nuna wa malamin aji. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai fara zuwa aji ba.